Zare, Kai Da Wuƙa: Yadda Ake Zaɓa Wa Injin Yankan Ciyawa Makami

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san langalanga. Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, filin ƙwallo da bayan ɗakunan kwana da harabar majami'a sai su yi kore shar, shugaban leba kuma ya fara rabon fili. A 'yan shekarun nan injin yankan ciyawa, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, ya fara shigowa makarantu da majami'u. Abin takaici shi ne, sau da yawa ikilisiya takan tara baiko ta sayi inji, amma kafin damina biyu ya koma kusurwar sito. In an bincika, akan tarar abin da aka ɗaura masa a baki ne bai dace da aikin ba. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna yadda ake wannan zaɓi, musamman mu da ke ƙasar Gobir, daga Kurawa zuwa Sabon Birni da Isa, inda sau da yawa sai an aika Sakkwato ko Maraɗi kafin a sami kayan gyara.

Asalin injin

Wani mutumin birnin Houston a Amurka, George Ballas, shi ya ƙago shi a 1971. Ya lura da yadda burushi mai juyawa ke wanke mota ba tare da ya karce ta ba, sai ya huda gwangwani, ya zura masa zaren kamun kifi, ya ɗaura a kan inji. Daga baya ya sa wa kayansa suna Weed Eater. Sirrin yana cikin gudu: zare mai laushi in yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya yakan miƙe ya yi tauri, bakinsa ya tsinke ciyawa. A lura, bakin zaren ne kaɗai ke yanka. Wanda ya cusa kan injin gaba ɗaya cikin ciyawa, wahalar da inji kawai yake yi.

Fara duba ciyawar

Kafin ka je kasuwa, zagaya filin ka amsa tambayoyi biyu. Wace irin ciyawa ce? Me kuma za a yi da ita bayan an yanke? A kan jigawa muna da ƙarangiya da burburwa da harkiya, masu taushi ne tun suna ɗanye. A bakin fadamun Gulbin Rima akwai kyasuwa da gamba masu tsawo da kauri. Sannan akwai masu kara kamar tafasa da rai-ɗore, da masu itace kamar sabara da kalgo da geza. Kowane rukuni da makaminsa.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci a wurinmu. A ƙasar Turawa ciyawar da aka yanke shara ce. A nan kuwa abincin tumaki ce da rani, gamba kuma da ita ake saƙa zana. Zare yakan daddatse ciyawa ya watsa ta ta gauraya da yashi, ba ta taruwa balle a ɗaure. Saboda haka in ana son ciyawar, sai wuƙa ko lauje.

Zare

Da nailan ake yin zaren, kuma kaurinsa ake fara dubawa. Na milimita 1.6 zuwa 2.0 na ƙananan injuna ne masu batir ko lantarki, don ciyawa mai laushi a gaban ofis. Na 2.4 zuwa 2.7 shi ya dace da yawancin injunan fetur da filin makaranta. Na 3.0 zuwa sama sai babban inji. Kada ka ce mai kauri ya fi ƙarko ka sa wa ƙaramin inji, gudunsa zai ragu, ya yi zafi, ya ƙara shan mai. Akan rubuta kaurin da ya dace a jikin kan injin ko a littafinsa.

Sai siffa. Zare mai zagaye ya fi jure karo da bango da tsakuwa, kuma ya fi sauƙin naɗawa. Mai kusurwa huɗu ko mai siffar tauraro ya fi kaifi a kan ciyawa mai kauri, amma yana saurin cinyewa a kan dutse. Murɗaɗɗe kuma ya fi ƙarancin ƙara, zai yi amfani kusa da azuzuwa.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Nailan yana riƙe da ɗan danshi a jikinsa, in ya bushe sai ya yi ta karyewa. Zaren da ya sha hunturu da zafin Afrilu a sito mai rufin kwano zai riƙa tsinkewa tun daga bakin kai, har a ce jabu ne. Maganinsa shi ne a jiƙa shi cikin bokitin ruwa kwana ɗaya kafin aiki, a kuma riƙa ajiye shi a inuwa.

Kai

Kai shi ne abin da ke riƙe zaren, kuma iri uku aka fi samu. Na farko yana da kwarkwaro a ciki, in zare ya gajarce sai a ɗan buga shi a ƙasa inji na gudu, zaren ya ƙara fitowa. Yana da sauri, amma yashinmu yakan shiga ya cinye gindinsa, don haka a riƙa buɗe shi ana kakkaɓewa. Na biyu shi ke sakin zare da kansa, an fi ganinsa a injin batir. Na uku ba shi da kwarkwaro, guntayen zare ake yankawa a zura a ramukansa. Dole a riƙa tsayawa ana canzawa, amma kusan babu abin da zai lalace a cikinsa, kuma yana ɗaukar zare mai kauri. Ga makarantar da ke nesa da mai gyara, wannan na uku ya fi kwanciyar hankali.

In za a sayi sabon kai, a tafi da tsohon a gwada, domin matsen injuna ba ɗaya ba ne. Kuma kada a cire garkuwar da ke bayan kai. Ban da tare tsakuwa, tana da 'yar wuƙa da ke datse zare daidai tsawonsa.

Wuƙa

Inda zare ya gaza, nan wuƙar ƙarfe ke shiga. Mai haƙora 4 ko 8 ta dace da gamba da busasshiyar ciyawar da ake son tarawa, don takan kwantar da ita gefe ɗaya. Mai fiffike 3 ita ce ta tafasa da sarƙaƙƙiya. Mai haƙoran zarto, 40 ko 80, ta itace ce kawai. Ba kowane inji ke ɗaukar wuƙa ba, sai mai miƙaƙƙiyar sanda da hannu irin na keke da ɗamarar ratayawa. Ramin tsakiyar wuƙa yakan zama milimita 20 ko 25.4, dole ya zauna daram, in ba haka ba za ta yi ta girgiza.

Ka ɗauki wuƙar kamar fuskar agogo. In sashen da ke tsakanin ƙarfe 12 da 3 ya ci karo da kututture, injin zai fizge gefe da ƙarfi. A yi yanka daga dama zuwa hagu. Kafin aiki a rataye wuƙar a ƙwanƙwasa ta, in ƙararta ta mutu, alamar tsagewa ce, a jefar, kada a kai wa mai walda. Haka kuma kada wani ya yi dabarar ɗaura waya ko sarƙar babur a madadin zare. A 2010 guntun sarƙa ya fizge daga irin wannan kai ya kashe wani ma'aikaci a Ingila, a 2012 kuma Tarayyar Turai ta haramta sayar da su. Mai aiki ya sa tabarau da dogon wando da takalmi rufaffe, sauran jama'a su ja baya mita 15. A guji taɓa tumfafiya da inji, domin ruwanta yana yi wa ido lahani.

Abin da ba a yankewa

Zare yakan ɗaye ɓawon ƙananan itatuwa. Dogon-yaron da 'yan aji ɗaya suka yi ta ba ruwa duk rani, in aka zagaye gindinsa da zare zai iya bushewa. A bar gindin itace wa lauje da hannu. Game da sabara da kalgo kuwa, maƙwabtanmu na Maraɗi suna da darasi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, ya lura cewa tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara itatuwa ne masu saiwa da rai. Aka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture ana sassabe sauran. Ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa a Nijar. Mai riƙe da wuƙar zarto zai iya share irin wannan arziki cikin awa ɗaya, don haka a sa alama a kan abin da za a bari tun kafin a tada inji.

'Yan'uwa ɗalibai da malamai da dattawan ikilisiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Mayu a zagaya fili, a rubuta abin da ake bukata, a jiƙa zare, a wasa wuƙa da magagari. Langalanga da lauje kuma kada a yar da su, har yanzu suna da aikinsu a gindin itace da wurin tsakuwa. Kayan makaranta amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu hikimar riƙe ta, ya kuma ba mu damina mai albarka. Amin.