Yadda Ake Koya wa Kwikwiyon Laca Farautar Zomo

A wannan makon filinmu na dabbobi ya leƙa ƙasar Ingila, inda mutanen karkara suke kiwon wani kare da ake kira laca. Kada ku rikita shi da laccar da ake yi mana a aji. Wannan yana da ƙafa huɗu, kuma aikinsa kama zomo.

Wane ne laca?

Laca ruwa biyu ne. Ana samunsa ne idan aka haɗa karen tsere, kamar saluki ko girehawun, da karen aiki, kamar koli mai kiwon tumaki. Daga karen tsere yake gadon gudu da kaifin ido, daga karen kiwo kuma yake gadon basira da jin magana. Girehawun yana iya gudun kusan kilomita 70 a awa ɗaya. Irin waɗannan karnuka da ido suke bin dabba fiye da hanci. Karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, shi ma da ido yake farauta.

A ƙarni na 14 an yi doka a Ingila da ta hana talaka marar fili ajiye karen tsere. Daga baya laca ya yi suna a matsayin karen talakawa masu shiga gonakin masu kuɗi da dare don su samo naman miya.

Me doka ta ce yanzu?

Dokar farauta ta shekarar 2004 ta hana farautar yawancin namun daji da karnuka a Ingila da Wales. Amma ta bar ɓera da zomon rami, in dai mai gona ya ba da izini. Su zomo iri biyu gare su. Akwai ƙarami mai haƙa rami, akwai kuma babba mai dogayen kunnuwa da yake kwana a fili. Babban an hana a sakar masa kare. Ƙaramin kuwa yana cinye amfanin gona, shi ya sa manoma suke maraba da mai kare mai ladabi.

Darasin gida

Ba a koya wa laca bin zomo, don da wannan aka haife shi. Abin da ake koya masa shi ne ya ji maganar mai shi ko da zomo yana gabansa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ana farawa tun yana ɗan wata biyu ko uku.

Na farko, ya zo idan an kira sunansa ko an yi masa fito. Na biyu, ya ɗauko abu ya kawo hannu. Ana jefa masa tsumma da aka naɗe da fatar zomo, sau biyu ko uku kawai, a daina tun bai gaji ba. Na uku, ya saba da tumaki da shanu da kaji har ya daina kallonsu. Wannan darasin shi ne rayuwarsa, domin a Ingila manomi yana iya harbe karen da ya far wa tumakinsa idan babu wata hanyar tsayar da shi. Na huɗu, ya koyi tsallake ƙaramin shinge kuma ya san waya mai ƙaya, saboda tana yaga fatar kare mai gudu.

Yaushe ake fita da shi?

Yawancin mafarauta suna jira sai ya kai kusan shekara ɗaya, babban kare kuma ya fi haka. Ƙasusuwan kwikwiyo ba su gama ƙwari ba. Zomo yana kwana kwatsam a tsakiyar gudu, idan kwikwiyo ya bi shi da ƙarfi zai iya gurɗewa ko ya karye, wani ma ya gurgunce har abada. An fi farawa wajen watan Satumba, lokacin da aka girbe gonaki kuma akwai matasan zomaye da ba su yi wayo ba.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko da rana ce. Ana saka wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda ake kira feret, a cikin rami, a rufe bakin ramukan da raga. Kwikwiyo yana tsaye yana kallo, yana koyon haƙuri da shiru. Ta biyu da dare ce, da fitila mai ƙarfi. Ana haska zomo, a saki kare, idan an kashe fitila ya dawo.

Ranar farko

Mafarauci mai hankali yana zaɓar zomo mai sauƙi, wanda ya yi nisa da raminsa kuma ya lafe a ciyawa. Yana matsawa kusa sosai kafin ya saki igiya. Gudu ɗaya ko biyu ya isa. Idan kwikwiyo ya kama, sai a yaba masa, a karɓi zomon a kashe shi nan take don kada ya wahala, a koma gida.

Me ya sa ba a ƙarawa? Idan kwikwiyo ya yi ta gudu yana rasawa, ɗayan biyu ne. Ko ya karaya ya daina ƙoƙari, ko ya fara haushi yana gudu, wanda yake korar duk zomayen gonar. Wannan hali yana da wuyar gyarawa, kuma karnuka da yawa an yar da su ne saboda gaggawar masu su.

A darasin addini ma an nuna mana bambancin horarren kare da wanda ba a hora ba. Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah. Malamai sun ce horarre shi ne wanda yake tafiya idan an tura shi, yake tsayawa idan an tsawatar masa.

Duk wanda gidansu ake farauta da karnuka, ya tambayi manya a wane wata suke fara fita da kwikwiyo, ya rubuto mana mu manna a bango mako mai zuwa.

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida