Allurar Jijjiga da Zancen "Kashe Jiki"

A bakin ɗakin haihuwa na Babban Asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aiki tun 2008, akwai maganar da ke yawo a bakin 'yan jinya: wai allurar da ake yi wa mai jijjiga tana kashe jiki. A kawo yarinya daga Aujara ko Harbo tana taune harshe, a yi mata allura a jijiyar jini da ɗuwawu biyu, sai ga ta sharaf, tana kukan zafi na bin jikinta. Nan take wata gwaggo za ta tafa hannu ta ce shi ke nan, an shanye mata gaɓoɓi.

Jikin yana saki, babu musu. Sunan maganin magniziyam salfet. Tsoka ba ta ɗaurewa sai jijiya ta aika mata saƙo, saƙon kuma ba ya fita sai sinadarin kalsiyam ya shiga bakin jijiyar. Magniziyam yakan tare ƙofar, kamar dogari a zauren hakimi, masu shiga su ragu. Ka tuna kalangu: a matse shi a hammata ya yi ƙara, a sassauta ya yi laushi, tsarkiyarsa kuwa ba ta tsinke ba. Ko igiyar guga da aka saki kaɗan don hannu ya huta. Da ƙoda ta fitar da maganin ta fitsari, ƙarfi ya dawo.

Shi ya sa za ka ga nas tana ƙwanƙwasa gwiwar mara lafiya, tana ƙirga numfashinta, tana duba yawan fitsari. Ba tsirfa ba ce. Muddin ƙafa na zabura, magani bai yi yawa ba. In ta daina, a dakatar da allura, akwai kuma makarinsa, kalsiyam gulukonet.

An gwada magniziyam salfet, ba sau ɗaya ba. Wani bincike na 1995 ya nuna maganin ya fi diyazefam, wato baliyam, hana jijjiga ta dawo. Na Magpie, da mujallar Lancet ta buga a 2002, ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya gano maganin na rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Kano ta shigar da shi asibitocinta goma a 2008, mutuwar masu jijjiga ta faɗi ƙasa sosai.

Abin da ke ba ni haushi, masu tsoron allurar su ne kan kwana suna turara wa yarinya hayaƙi, suna cusa mata cokali a baki da sunan iska ce ta buge ta, alhali tun mako guda take kukan ciwon kai da ganin dishi-dishi, fuska da hannuwa a kumbure. Su ma hukumomi da nasu kason. Magani ne mai araha, ba ya buƙatar firji. Kamata ya yi a ce duk ƙaramin asibitin ƙauye na da shi, da ungozomar da ta iya allurar farko, kafin a fara neman motar da za ta kai yarinya Jahun.