Yadda Masu Jiragen Ruwa A Amurka Ke Duba Dusar Ƙanƙara A Waya Kafin Su Shiga Tafki

A watan Yulin 2022 ruwan tafkin Mead, wanda ke bayan madatsar Hoover kusa da birnin Las Vegas, ya sauka zuwa kusan ƙafa 1,040 sama da teku. Rabon da ya yi ƙasa haka tun lokacin da aka fara cika shi a shekarun 1930. Gangaren simintin da ake sauke jiragen ruwa daga bayan mota suka koma kan busasshiyar ƙasa, har hukumar da ke kula da wurin ta rufe kusan dukkansu, aka bar na Hemenway Harbor. Jiragen da suka nutse shekaru da dama suka fito fili, ciki har da wani na zamanin yaƙin duniya na biyu.

Wurin hamada ne, ruwan saman da ke sauka a can kaɗan ne. Abin da ke cika tafkin Mead da na Powell da ke sama da shi yana zuwa ne daga tsaunukan Rocky a jihohin Colorado, Wyoming da Utah. Dusar ƙanƙara na taruwa a kansu duk tsawon hunturu, sannan ta narke daga Afrilu zuwa Yuli ta gangara kogin Colorado, wanda mutum kusan miliyan 40 suka dogara da shi. Shi ya sa mai jirgin da ke son fita yawo a watan Yuli yake fara bin labarin tsaunuka tun Janairu.

Na'urar da ke auna nauyin ƙanƙara

Ma'aikatar noma ta Amurka na da tashoshi sama da 800 a kan tsaunukan yammacin ƙasar, ana kiran su SNOTEL. Kowace tasha na da wata shimfiɗa mai kama da katifa, cike da ruwan da ba ya daskarewa. Idan dusar ƙanƙara ta taru a kanta sai ta danne ta, na'ura ta auna nauyin, ta lissafa yawan ruwan da zai fito idan ta narke. Wannan lissafin ya fi tsayin tulin muhimmanci, domin ƙanƙara mai laushi na iya yin tudu amma ruwan cikinta kaɗan ne.

Tashoshin na aiki da hasken rana, suna tura bayanai ba tare da wani ya hau dutse ba, kuma duk mai intanet a wayarsa zai iya buɗe taswirarsu kyauta. Ranar da aka fi zuba wa ido ita ce 1 ga Afrilu, lokacin da tulin ke kaiwa ƙololuwa a yawancin wurare.

Akwai kuma jiragen sama masu ɗauke da hasken leza, shirin da hukumar NASA ta fara a 2013. Jirgin na auna tsayin ƙasa lokacin da babu ƙanƙara, ya dawo ya sake aunawa bayan ta sauka. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne kaurinta a faɗin yankin gaba ɗaya, har inda babu tasha.

Inda lissafin ke ruɗar mutane

A 2021 ƙanƙarar da ta taru a saman kogin Colorado ta kusa kai yadda aka saba gani, amma ruwan da ya shiga tafkin Powell bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba ba. Dalili shi ne ƙasa ta bushe ƙamas tun shekarar da ta gabata, sai ta shanye rabonta kafin ruwan ya isa kogi. Zafi da iska ma suna ɗauke wani kaso, ƙurar hamada kuma idan ta rufe ƙanƙara tana sa ta narke da wuri. A watan Agustan shekarar ne gwamnatin Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a tafkin Mead a karon farko a tarihi.

Shekarar 2023 ta zo da akasin haka. Tafkin Powell, wanda ke cika a ƙafa 3,700, ya sauka zuwa kusan ƙafa 3,520 a farkon shekarar. Hunturun ya zo da ƙanƙara mai yawan gaske, kuma kafin ƙarshen Yuli ruwan ya hau da kusan ƙafa 65, wato kimanin mita 20. Duk da haka tafkin bai kai rabin cikarsa ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai jirgi

Kowane gangaren sauke jirgi na da iyakar da ruwa zai sauka ya daina amfani. A Powell akwai wata gajeriyar hanya mai suna Castle Rock Cut, wadda ke rufewa idan ruwa ya ja baya, dole jirage su yi dogon zagaye su ƙona ƙarin mai. Duwatsun da a da suke can ƙasa kuma sukan matso kusa da saman ruwa, inda za su iya fasa jirgi ko su karya farfelarsa. Taswirar da ke cikin manhajar waya ba za ta nuna haɗarin ba sai an daidaita ta da matakin ruwan ranar.

Saboda haka gogaggun matuƙa ke haɗa abubuwa uku: alƙaluman SNOTEL, hasashen cibiyar kula da kogin da ke Salt Lake City wadda ke saka danshin ƙasa cikin lissafinta, da rahoton wata-wata na hukumar madatsun ruwa, wanda ke nuna yawan ruwan da za a saki zuwa gonaki da birane. Na ukun nan hukunci ne na mutane, kuma yana iya sauke tafki ko a shekarar da ƙanƙara ta yi albarka.