Makaɗin Hitila da Surukarsa Bayahudiya

A wannan fitowar na ajiye maganar lefe da kishiya, zan kai ku ƙasar Jamus ta zamanin Hitila, saboda wani wasan kwaikwayo na dandamali mai suna Collaboration, wanda Ronald Harwood ya rubuta, aka fara nuna shi a Ingila a 2008. Mutanen cikinsa duk an yi su da gaske.

Richard Strauss babban mai tsara kiɗa ne. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai suka naɗa shi shugaban hukumar makaɗan ƙasa, kamar dai a ce Sarkin Makaɗa, shi ko ya karɓa. To ga inda gizo ke saƙar: ɗansa tilo, Franz, Bayahudiya yake aure, sunanta Alice, har ta haifa masa jikoki maza biyu. Mai rubuta masa baitoci ma, Stefan Zweig, Bayahude ne.

A 1935 za a nuna wasansu na waƙa a birnin Dresden, sai Strauss ya ga an cire sunan Zweig daga takardar talla. Tsoho ya kafe, ya ce ko a mayar ko ya tafi. Aka mayar. Nan kam na yaba masa. Amma ba a jima ba aka hana wasan, 'yan sandan ciki kuma suka kama wasiƙar da ya aika wa Zweig, inda yake cewa shugabancin nan wasa kawai yake da shi. Aka tuɓe shi. Sai ga shi yana rubuta wa Hitila takardar ban haƙuri, ko amsa bai samu ba. A 1936 kuma da kiɗansa aka buɗe wasannin Olamfik a Balin.

Ni fa a nan na rasa ta cewa. Wallahi in ka ce matsoraci ne, sai ka tuna yara biyu da uwarsu da ransu ke rataye da sunansa. In ka ce don su ya yi, ai muƙamin ya karɓa tun kafin wuta ta iso ƙofar gidansa. Harwood ya fi ni tausaya masa.

Zweig ya gudu har Barazil, inda shi da matarsa Lotte suka kashe kansu a 1942. Alice da 'ya'yanta sun tsira, amma danginta da yawa sun mutu a sansanonin 'yan Nazi. Strauss da kansa ya je ƙofar sansanin Theresienstadt neman kakar Alice, masu gadi suka kore shi.

A 1948 kotun tantance 'yan Nazi ta wanke shi. Ya mutu a 1949, matarsa Pauline, mace mai kaifin baki da suka yi zaman aure sama da shekara 50, ta bi shi bayan wata takwas.