Kalmar Ingilishi «admiralty»: ma'anoninta da matsalar fassara ta zuwa Hausa

1. Gabatarwa

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu duba kalmar Ingilishi «admiralty», wadda masu fassara suke cin karo da ita cikin littattafan tarihi da takardun fiton kaya. Wani zai ce ƙasar da ba ta da bakin teku ba ruwanta da irin wannan kalma. To amma hajar ƴan kasuwarmu ta teku take zuwa, ta tashoshi irin su Lome, Tema da Legas. Bugu da ƙari, kundin da Nijar ta ɗauka a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Abin da muke son nunawa shi ne, kalmar Hausa guda ba za ta ɗauki ma'anonin «admiralty» duka ba, kuma bi ta kan Faransanci yana iya ɓatar da mai fassara.

2. Asalin kalmar

«Admiralty» ta tsiro daga «admiral», ita kuwa tushenta Larabci ne, wato «amir», shugaba. Hausa ta ari wannan tushe kai tsaye: Amirul Muminina, Amirul Hajji, da Amirul Jaishi, laƙabin Aliyu Jedo, kwamandan rundunar jihadin Sakkwato. A Turai kalmar ta shiga ta tsibirin Sisiliya, inda a ƙarni na 12 Sarki Roger na II ya ba Jurji na Antakiya laƙabin amirin amirai. Da yake shi ne ke jan rundunar jiragen sarkin, sai ma'anar ta karkata wajen teku. Masana sun saɓa a kan «-al» na ƙarshe: wasu na ganin «al-» ne na Larabci, wasu na ganin ɗafa-ƙeyan Latinanci ne. Baƙin «d» kuwa an cusa shi ne saboda kamanni da aikatau na Latinanci «admirari». Faransanci na yau ba ya da shi, «amiral» ake cewa.

Ba ita kaɗai ce kalmar tashar teku da ta yi doguwar tafiya ba. Sunan unguwar Lazare ta nan Yamai, inda aka tsugunar da waɗanda fari ya koro a 1973-1974, daga «lazaret» yake, wurin killace masu cuta mai yaɗuwa, wanda Faransanci ya aro daga Italiyancin tashar Banis.

3. Ma'anoni uku

3.1. Muƙami. Ta fuskar ƙira, dangantakar «admiral» da «admiralty» ta yi daidai da ta waziri da wazirci, ko liman da limanci. Wannan ce ma'anar farko, kuma ita ce aka fi ƙarancin amfani da ita yanzu.

3.2. Hukuma. A shekara ta 1628 Sarkin Ingila ya danƙa aikin babban amiral ga wani kwamiti. Sannu a hankali sunan muƙamin ya zama sunan ma'aikatar da ke kula da sojin ruwa, har da gininta a Landan. A nan da babban baƙi ake rubuta kalmar. An rushe ma'aikatar a 1964, aka shigar da ita cikin ma'aikatar tsaro, amma sunan ya wanzu a kan taswirorin teku da ofishin da aka kafa a 1795 yake bugawa.

Wannan hukuma tana da hannu cikin tarihin nazarin Hausa. Jiragenta uku, Albert, Wilberforce da Soudan, su ne suka shigo kogin Isa, wanda a Nijeriya ake kira Kwara, a 1841. Cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther da Bajamushen nan J. F. Schön, wanda ya buga jerin kalmomin Hausa tare da taƙaitaccen nahawu a Landan a 1843.

3.3. Fannin shari'a. Ma'ana ta uku ita ce ta fi rai a yau: dokoki da kotunan da ke hukunci a kan jiragen ruwa, kamar karon jirgi da jirgi, lalacewar kaya a hanya, albashin matuƙa da tsare jirgi saboda bashi. A Nijeriya doka mai lamba 59 ta 1991 ta tsara wannan hurumi, kuma sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya, ya haɗa har da zirga-zirga a kogin Kwara da Binuwai da rassansu. Ke nan a wannan ma'ana ba maganar soja ake ba, maganar fatauci ce.

4. Tarkon Faransanci

Wanda ya yi karatu da Faransanci, da ya ga «admiralty» sai «amirauté» ta faɗo masa. A ma'ana ta farko da ta biyu hakan ya yi. A ta uku kuwa akwai gyara: Faransa ta soke kotunanta na «amirauté» a 1791, kuma a yau «droit maritime» ake cewa. Wanda ya bi ta «amirauté» zai fassara takardar kotu kamar ta barikin soja, ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa suka jiƙe a jirgi ya rasa gane inda ƙararsa ta nufa.

5. Shawarwarin fassara

Da farko muna ganin a guji sarautun gargajiya. Sarkin Ruwa shugaban masunta ne, Sarkin Jirgi kuwa na masu fito. Ba rundunar yaƙi suke ja ba. Muƙamin da ya fi kusa a tarihin yankinmu shi ne Hi-koy, shugaban jiragen daular Songhai, amma kalmar ba ta shiga Hausa ba. Don haka muna ba da shawarar a bi ma'ana:

(1) muƙami: muƙamin babban kwamandan sojin ruwa;
(2) hukuma: Hukumar Sojin Ruwan Ingila, tare da tuna cewa ta ƙare a 1964;
(3) shari'a: dokokin jiragen ruwa, kotun shari'ar jiragen ruwa.

A (3) mun fifita «jiragen ruwa» a kan «teku», domin kamar yadda muka gani a 3.3, hurumin yana kaiwa har cikin koguna.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa kalmar ta tashi daga muƙami zuwa hukuma, daga hukuma zuwa fannin shari'a. Ya kamata ƙamusun fannoni da ake shiryawa su raba shigar kalmar gida uku, kowane da misalinsa. Tambayar da ta rage ita ce ko za a iya ƙera kalma guda daga «amir», kamar «amirancin ruwa», don ma'ana ta farko. Ƙirar ta dace da tsarin Hausa. Karɓuwarta kuwa sai an gwada ta a wurin ƴan jarida da masu saurare.