Goro: amfaninsa da inda ya kamata a yi hattara

A aikina na tafinta, nakan zauna da iyalai da yawa da suka sauka a Briqueterie da Tsinga. Sau da dama idan muka tambayi uwa ko ta karya, sai ta ce ta ci goro. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kansa.

Goro ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun zamanin kakanni fataken Hausawa ke tafiyar watanni zuwa Salaga a ƙasar Gwanja don su kawo shi Kano. A nan Kamaru ma ana nomansa, musamman a yammacin ƙasar. Da shi ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, da shi ake tarbar baƙo. Ba wanda ke cewa a bar wannan al'ada.

Abin da ke sa goro ya wartsakar da mutum shi ne sinadarin kafin, wanda ke cikin kofi da shayi. Yana kore barci da gajiya, yana kuma danne yunwa na ɗan lokaci. Amma danne yunwa daban, ƙoshi daban. Uwar da ta bar wa yara abinci ta riƙe cikinta da goro, jikinta na ramewa ko da ba ta ji ba.

Ga waɗanda ya kamata su rage sosai:

Masu juna biyu da masu shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai cikin da ke shan kafin fiye da miligiram 300 a rana ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. A haɗa lissafin goro da shayi da kofi, don duk abu ɗaya ne. Kafin yana kuma shiga ruwan nono.

Masu hawan jini ko faɗuwar gaba. Goro yana ƙara bugun zuciya.

Masu gyambon ciki. Yana ƙara zafin ciki, musamman idan ba a ci komai ba.

Masu fama da rashin barci. Da yawa daga cikinmu mun ga tashin hankali kafin mu iso nan, dare na yi mana tsawo. Goron yamma yana ƙara tsawaita shi. A tsaya daga la'asar.

Yara kuwa kada a ba su.

Akwai kuma batun aljihu. Goron sefa 200 kullum ya zama sefa 6,000 a wata.

Wasu sun tambaye mu game da ganyen kat, wanda ake taunawa a Habasha, Somaliya, Kenya da Yaman. Shi ma abin zaman hira ne a can, amma ya fi goro ƙarfi nesa, don sinadarinsa dangin ƙwayoyin hana barci ne. Yana hana cin abinci, yana tayar da hawan jini, yana kuma kama mutum. Ƙasashe da yawa sun haramta shi, Ingila ma ta bi sahu a 2014. Idan wani ya ba ka ƙunshin ganye ka kai masa wata ƙasa, kada ka karɓa. Hakan na iya kai ka kurkuku, ya kuma ɓata maka takardun gudun hijira.

Haka nan a sa ido kan samari masu dako ko tuƙa babur, waɗanda ke haɗa goro da tramol don su jure aiki. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, shansa ba da izinin likita ba na jawo farfaɗiya, har da mutuwa.

Idan rashin abinci ne ya sa kike riƙe ciki da goro, ko rashin barci ya dame ka, a zo ofis a faɗa mana. Akwai tafinta, kuma maganarku ba za ta fita ba. Allah ya ba mu lafiya.