Makullin Akwatin Intanet Hakkin Mai Gida Ne

Daga Wakilinmu

Kwaja gari ne da ke cikin duwatsun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu darajar hanyar sadarwa, domin sun ɗanɗana rashinta. A watan Mayu na 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Adamawa da Borno da Yobe, an rufe layukan waya na tsawon makonni, mutum ba ya iya jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya yi tattaki. Yanzu kuwa zamani ya kai ga mutum ya ajiye ɗan akwatin intanet a ɗakinsa, watau na'urar da ake kira rauta, wadda ake sa mata layin waya ta riƙa rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gidan ta hanyar waifai, ba tare da an ja igiya ba.

To, amma akwai wata matsala da kan faɗa wa masu irin wannan akwati, a ƙauye ko a birni. Sai mutum ya tara kuɗi ya sayo sabuwar kwamfutar allo, wadda ake ce wa tabilet, domin karatun yara ko lissafin kasuwa, ya kunna ta, ta nuna masa sunan waifai na gidansa, sa'an nan ta ce ya shigar da kalmar sirri. Nan fa ake kallon-kallo. Wanda ya haɗa akwatin tun farko, ko ɗa ne ko ƙane ko mai shagon waya, shi ya san kalmar, kuma wataƙila ya koma makaranta ko ya yi tafiya. Abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne, wasu daga cikin irin waɗannan alluna masu sauƙin kuɗi ba su da gurbin sa layin waya, sabo da haka in babu waifai babu intanet. Ga mazaunin gari irin Kwaja, rashin 'yan haruffa takwas ko goma yana iya jawo kuɗin mota zuwa Mubi da asarar yini guda, alhali kuwa maganin yana cikin ɗakinsa.

Abu na farko shi ne a ɗaga akwatin a duba ƙarƙashinsa ko bayansa. Masu ƙera shi sukan manna 'yar takarda mai ɗauke da sunan waifai, inda aka rubuta SSID, da kuma kalmar sirrin da ya fito da ita daga masana'anta. Idan ƙaramin nan ne na aljihu mai batir, sau da yawa takardar tana cikin murfin baya ko ƙarƙashin batirin. Muddin ba a taɓa canza kalmar ba, wannan ita ce za ta buɗe. Sai dai a kula ƙwarai wajen kwafa, domin na'ura tana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma ido yakan rikita sifiri da harafin O, ko lamba 1 da ƙaramin harafin L.

Idan an riga an canza ta, sai a nemi wata waya a gidan wadda take kan waifai ɗin, domin ta adana kalmar a cikinta. Wayoyin Android, tun daga samfuri na 10 da ya fito a 2019, suna da wurin rabawa a sashen saitin waifai. In an taɓa shi, wayar za ta nemi lambar buɗe ta ko zanen yatsa, sa'an nan ta fito da wani hoto mai murabba'i mai ɗige-ɗige. Ana haska wannan hoto da kyamarar sabuwar kwamfutar sai ta haɗu, kuma a wayoyi da yawa kalmar kanta tana rubuce a ƙarƙashin hoton. Haka nan wayoyin iPhone, tun daga manhajar iOS 16 ta 2022, suna nuna kalmar ga mai wayar bayan ya tabbatar da cewa shi ne.

Hanya ta uku ita ce shiga cikin akwatin kansa. Kowace rauta tana da shafin kula da ita, wanda ake buɗewa daga waya ko kwamfutar da ke haɗe da ita, ta rubuta adireshi na lambobi a manhajar shiga intanet. Waɗanda aka fi samu su ne 192.168.0.1 da 192.168.1.1, na kamfanin Huawei kuma galibi 192.168.8.1, kuma akan rubuta adireshin a jikin takardar nan da muka ambata. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin makullan biyu ne. Akwai kalmar shiga waifai, wadda ake ba mutanen gida, akwai kuma kalmar shiga shafin kulawa, wadda ta mai gida ce shi kaɗai. Ta farko kamar makullin zaure ce, ta biyu kuwa makullin ɗakin ajiya. Wanda ya shiga shafin zai ga kalmar waifai, zai iya canza ta, zai kuma ga jerin dukkan wayoyin da ke shan intanet ɗinsa.

In duk waɗannan sun faskara, saura hanya ɗaya. A jikin akwatin akwai wani ɗan rami da aka rubuta Reset a gefensa. In aka sa tsinke aka danna na kimanin daƙiƙa goma akwatin yana kunne, zai manta duk abin da aka saita masa ya koma yadda ya fito daga masana'anta, kalmar da ke jikin takarda ta sake aiki. Datar da aka saya ba za ta salwanta ba, domin tana kan layin ne, amma duk wayoyin gidan za su sauka, sai an sake haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a danna shi sai an tabbata rubutun takardar bai goge ba.

Samun kalmar rabin aiki ne kawai. Tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, kowa ya san data dukiya ce. Ita kuwa waifai ba ta san katanga ba, takan tsallaka har gidan maƙwabta da bakin hanya. Kalmar da aka gaya wa baƙo ɗaya takan yi yawo daga baki zuwa baki, ko daga hoto zuwa hoto, har mai gida ya ga datar wata guda ta ƙare a mako bai san dalili ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce kalma mai sauƙin ƙiyasi, irin su 12345678, ko lambar wayar mai gida, ko sunan ɗansa na fari.

Tsarin tsaro na WPA2, wanda aka fara amfani da shi a 2004 kuma yawancin akwatunan ke aiki da shi, ba ya karɓar kalmar da ta gaza haruffa 8, yana kuma karɓa har zuwa 63. Gwargwadon tsawonta, gwargwadon wuyar fasa ta. Mutum yana iya haɗa kalmomi uku ko huɗu na Hausa ko Fulatanci waɗanda ba su da dangantaka da juna, ya cuɗa su da lambobi, ya sami abin da shi zai iya tunawa amma wani ba zai iya cankowa ba. Ya kamata kuma a canza kalmar shafin kulawa, domin akwatuna da yawa sukan fito da kalma iri ɗaya wadda kowane mai gyaran waya ya sani.

Ga matasa kuma muna da jan kunne. Duk abin da muka bayyana na akwatin gidanku ne. Shiga na wani ba da izninsa ba cin haƙƙi ne, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba tare da yardarsa ba. Mai bukata ya yi sallama ya roƙa.

Shawararmu ga magidanta ita ce, ranar da za a haɗa akwatin su zauna a yi a gabansu, su sa a rubuta musu kalmomin biyu a takarda, su adana ta inda suke adana takardun gona da na gida. Babu mai gina ɗaki ya bar makulli a hannun magini, sabo da haka bai kamata mutum ya riƙa biyan kuɗin intanet wata-wata alhali makullin yana aljihun wani ba.